Matar da Take Gasa Dutse

Ta-Dutse ake ce mata, don tun tana amarya mijinta ya koya mata fasa dutse. Aikin ba na ƙarfi kaɗai ba ne. Sai an jibga itace a kan falalen dutse, wuta ta ci har ya yi jawur, a sheƙa masa ruwa ya tsage, sannan a bi shi da guduma ya koma tsakuwa. Shekarar da aka shimfiɗa babbar hanya, motoci layi suke yi a gindin dutsen. Da tsakuwar nan suka yi rufin kwano, suka sa yara a makaranta.

Daga baya daji ya ƙare, itace ya gagara, suka koma ƙona tsofaffin tayoyi. Taya ta fi itace zafi, amma hayaƙinta baƙi ƙirin ne, ga ɗaci.

"Ko ba komai, sauro ya bar mu," mijin kan ce, ya tofar da kaki sai ka ce baƙin mai.

Haka suka yi ta sayar wa masu facin ramukan hanya, har tari ya kwantar da shi. Likita ya ce huhunsa ya ci wuya, kada ya ƙara shaƙar hayaƙi. Gidansu kuwa a gindin dutsen yake.

Da ta ji za a sake hanyar gaba ɗaya, sai ta ce kakarta ta yanke saƙa. Ta kai mijin wurin ƙanwarsa nesa da hayaƙi, ta sayar da awakinta ta tara taya, ta shiga gasa dutse ita kaɗai. Girarta ta babbake, tafin hannunta ya tsattsage, amma ta tara tsakuwa tsibi-tsibi.

Ko mota ɗaya ba ta zo ba. Ta taka har bakin aikin, ta tarar da wani ƙaton inji yana shan dizal, yana tauna tsohuwar kwalta yana zubo ta a niƙe.

"Ɗana, ina da tsakuwa, mai kyau," ta ce wa shugaban ma'aikata.

"Ayya, Inna, ba ma saye. Ta cikin tsohuwar muke sake dafawa."

"Ko rabin mota?"

Ya girgiza kai, ya juya.

Masu buga bulo ne suka kwashe tsibin a wulaƙance, abin da ta samu ya tafi a magani. Ƙanwar ma ta gaza, ta dawo mata da shi a bayan babur. Kwanaki Ta-Dutse tana kallon ragowar tayoyi, ta kasa taɓa ashana, tukunya kuma a kife.

"Je ki hura," ya ce mata daga kwance.

"Maigida, ka manta abin da likita ya ce?"

"Likita ba ya kwana da yunwa. Je ki."

Ta ja gadonsa zuwa ɗakin baya, ta jiƙa tsummoki ta toshe taga da ƙasan ƙofa. Sannan ta gangaro da taya biyu, ta tsaya tana jiran iska ta juya wa gidan baya.