Filafilin da Baba ya kawo daga Yawuri

Shekarar da muka koma wani ɗan gidan haya a hanyar Summerfield, can ƙasar waje, a cikin shekarun casa'in, maigidana ya kamu da son tuƙin kwalekwale. Abokan karatunsa na jami'a ne suka ja shi. Duk Asabar sai su ɗaure kwalekwale a kan mota su nufi kogunan duwatsu, inda ruwa ke gudu yana kumfa. Ni 'yar Yawuri ce, a bakin Kwara na tashi, shi kuwa Bakatsine ne da ko rafi bai taɓa tsallakawa da ƙafa ba. Na yi dariya har na gaji, sannan na ƙyale shi, don yana dawowa gida da fara'a.

Da labari ya kai wa mahaifina, ya ji daɗi ƙwarai. Dama bai taɓa sakin jiki da auren nan ba, gani yake na auri mutumin tudu. Da ya zo ganin jikarsa, muka je tashar bas ta cikin gari tarbarsa, sai ga shi ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin buhu. Filafilinsa ne na maɗaci, wanda ya yi ta tuƙi da shi tun kafin a haife ni. Ya miƙo mini ya ce, "Ki ba shi." Haka suke shi da maigidana, ba sa magana kai tsaye, komai sai ta bakina.

A wajenmu daga tsaye ake tuƙi, don haka filafilin ya kusa kai tsawon mutum. Su kuwa a nan durƙusawa suke yi a cikin jirgin, filafilinsu gajere ne. Na ce wa maigidana ya rataye shi a bango kawai.

"Haba, kyautar suruki? Wannan Asabar da shi zan shiga," in ji shi.

Ranar Asabar muka bi shi da abokansa, ni da Baba da jaririya, muka zauna a kan wani dutse. Tun daga nesa na gane maigidana, shi kaɗai ne hannunsa ke can sama da kansa kamar mai kaɗe mangwaro. Kafin ya ɗago filafilin ya sake tsomawa, ruwa ya riga ya juya jirgin. Bakin filafilin ya maƙale tsakanin duwatsu, jirgi ya kife. Na tsorata, wallahi. Rigar hana nutsewa da ke jikinsa ce ta taso da shi, yana tari, leɓe a fashe, amma filafilin na rungume a ƙirjinsa. Muka koma gida.

Washegari da hantsi Baba ya shiga gareji, ya kira shi da bakinsa. Maigidana ya tuɓe takalmi ya je ya durƙusa, kai a ƙasa, yana jiran faɗa. Ni ina laɓe a bakin ƙofa.

"Zauna a hakan. Ai na ga haka kuke zama a jirgin," in ji Baba. "Su abokan naka, yaya suke aunawa?"

Da ƙyar ya yi bayani: a kifa filafilin, mariƙinsa a ƙasa, inda faɗin ya fara ya zo daidai hancin mai tuƙi. Baba ya kifa shi a gabansa, ya duba rarar, ya sa farce ya yi alama, ya ɗauko zarto.

Maigidana ya zabura. "Baba, don Allah kada a yanke! Zan saba da shi."

Baba bai fasa ba. Ya yanke, ya zauna yana sassaƙa sabon mariƙi da wuƙa har azahar. Da ya gama bai neme ni ba, shi ya miƙa masa hannu da hannu.

"Itace ne, akwai wani a daji," ya ce. "'Yata ba za ta yi takaba saboda kana jin kunyata ba. Gobe in abu bai yi maka daidai ba, ka faɗa mini, ɗana."