Kawu Ilu da Yaron da Zai Ɗaga Ni

Duk wanda ya zauna Greensboro ta Amurka a shekarun tamanin ya san Kawu Ilu ba ya gaisawa da namiji sai ya matsa masa dantse, kamar mai taya rago. Karatun kiwon dabbobi ya kawo shi daga Funtuwa. Shekara tara bai gama ba, amma kowa ya gani sai ya auna shi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, ni kuwa Allah ya ɗora min son bale, wata rawar Turawa.

Kai, na sha raini a wurinsa!

"Wannan ce rawa, Hadiza? Ba ganga, ba kalangu, mutum na sanɗa a kan yatsu kamar ɓarawon nama?"

Malamarmu, wata Baturiya siririya, ta ce in rage ci. Har makaranta ya bi ta, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Madam, a garinmu in akuya ta rame haka, likita ake kira." Ranar, malmala uku ya tsare ni na cinye.

Sai aka zaɓe mu, ni da abokin rawata Danny, mu je gasar ƙasa da ƙasa a Mississippi. Shekara biyu ina gumi a kan wannan, kuma ba tafiya sai Kawu ya sa hannu a takarda. Na zaci zancen kunya zai kawo. Ina! Da ya matsa dantsen Danny sai ya riƙe baki.

"Wannan ɗan firit ɗin ne zai ɗaga ki sama? In ya sake ki, me zan ce wa babanki ran gobe?"

Ya kwashe mu zuwa wani kanti a High Point Road, ya nuna buhun shinkafa. Danny ya ɗaga, har ya zagaya da shi. Kawu ya taɓe baki.

"Shinkafa ba ta motsi."

Wallahi sai gonar da yake aiki a Summerfield, ya miƙa wa bawan Allah tunkiya. Tana harbi, tana kuka, Danny na riƙe da ita sama da kansa, fuska jajur. Nan Kawu ya sa hannu, a bayan mota.

Ranar gasa, ga yara daga Japan, ga na Kuba, zaure tsit, sai goge ke tashi a hankali. Danny ya cira ni sama ke nan, sai na ji murya daga kujerun baya, da Hausa tsantsa:

"Riƙe ta da kyau, ɗan nema!"

Danny ya firgita, na sauko a karkace. A zagayen farko aka cire mu.

A hanyar dawowa a motar Kawu, kuka kawai nake. Sai da muka yi nisa ya ce, a hankali, "Hadiza, ni na kayar da ke ko?"

Na ce, "E, Kawu. Kai ne."

Ya ci gaba da tuƙi. Can ya ce, "Ki yafe min. Da na gan ki can sama, ba abin kamawa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba."

Ban sake samun wata gasar ba, kuma na yi shekaru ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tun da ya rasu, ba wanda ya ƙara jin tsoron faɗuwata haka. Na yafe, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.