Ragowar Fentin da Tunkiyar Inna Ta Lashe

Laifina ne, ba sai an rantsar da ni ba. Da mai fenti ya gama shafe shagon Kawu a Gagarawa Tasha, ya bar bokiti da ragowar koren fenti a ƙasansa. Na sungume shi a guje kamar na tsinci mota. A gidanmu bokitin fenti ba ya ritaya: ɗiban ruwa, wanki, ajiyar dusa. Na jingine shi a garke don ya bushe in kankare. Murfin ne na manta.

Da hantsi na tarar da tunkiyar kakata Inna da koren baki har kunnuwa. Na yi dariya har da birgima. Ita kaɗai ta rage wa Inna, ga ta da tsohon ciki, ko tuwo ba ta ci sai ta gutsura mata. Bayan kwana biyu tunkiyar ta daina tuƙa, ta kwanta tana cizon haƙora. Dariya ta ƙare.

Yayana ya ce ya ji a rediyo wai akwai ƙasashen da doka ta tilasta wa kamfanin fenti karɓar ragowa, ya sake sarrafa ta. Na rungumi bokitina, na shiga motar Gumel, ina jin kaina lauya.

"Alhaji, na dawo muku da kayanku," na ce wa mai shagon fenti. "A mayar wa kamfani, ya kusa kashe mana tunkiya."

"Kai ɗan nan, wane kamfani? Ni ma daga Kano nake sarowa. Leƙa bayan shago."

Na leƙa. Tulin gwangwanaye ya fi raƙumin kasuwar Maigatari tsayi, awaki suna hawa suna sauka.

"Wa ke kwashewa?"

"Damina," in ji shi. "Ta kai kududdufi."

Na dawo da bokitin a cinyata, duk wanda ke motar yana toshe hanci.

A gida an ɗura wa tunkiyar madara, an ɗura jiƙon tsamiya. Malamin dabbobi ya yi allura, ya girgiza kai. Na so Inna ta zage ni, ko ta ɗauko muciya. Cewa kawai ta yi, "Maigida, ajiye abin nan, zo ka riƙe min kanta."

Ranar Alhamis ta mutu da cikinta. Muka haƙa rami bayan gida, don kada karnuka su ci. Bokitin kuwa an kankare shi, da shi muke ɗebo ruwa.