Masarar da Na Raba wa Manya

Tun da haƙoran Inna suka ƙare ta daina cin masara, amma ba ta daina zancenta ba. Da damina ta kankama, masu gashi sun jera kaskonsu a bakin titin Kazaure, sai ta zauna a ƙofar ɗakinta tana shaƙar ƙamshi, tana faɗa wa bango cewa a da ita kaɗai takan tashi da kwano guda. Bango take faɗa wa, don ni ne ɗan farinta, kuma har na fara furfura ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta dube ni ta roƙi wani abu. Abin yana ci mini rai. Mun sha dafa mata ta kasuwa har itace ya ƙare, ta murza da dasashi ta tofar, ta ce tsakuwa muka ba ta.

Wata shekara maƙwabciyarmu, mutuniyar Filato mai shagon kayan masarufi, ta dawo daga ganin gida da ɗan ƙullin iri a leda. Irin duk ya yamutse, ba kyan gani. Ta ce masara ce mai zaƙi, mai laushin da ko marar haƙori zai ci. Sai dai ta ja mini kunne: a shuka ta wuri ɗaya, a cure, domin iska ce ke kaɗo garin furen wannan ta zuba a gemun waccan, kuma wadda ta tsaya ita kaɗai ba ta cika ido. Na ce na ji. Daga nan ban zame ko'ina ba sai ƙofar Inna, na yi wa bangon nan alkawarin cewa bana za a ci masara a gidan.

Garkarmu tana bayan ɗakuna, 'yar mitsitsiya, rabinta ma dutse ne kamar yawancin ƙasar unguwarmu. Tsakiyarta, inda ƙasa ke da kyau, matata ta riga ta mamaye da kuɓewa da yakuwa da tumatir. Da na zo da fartanya ina zagaya wurin, ta fito riƙe da muciya ta sanar da ni cewa masara doguwa ce, kuma duk wanda ya tare wa kuɓewarta rana to ya shirya cin tuwo gaya har kaka. Ta nuna mini wata kusurwa can jikin katanga, inda ko ƙadangare ba ya son zama.

Inna kuma ta sanar da bango cewa masu hankali ƙarƙashin taga suke shuka masara, inda tsohuwa za ta riƙa korar kaji. Tagar da take nufi tata ce, wadda darbejiyar maƙwabta ke rufewa da inuwa tun hantsi.

Ana cikin haka sai ga Kawu, yayan Inna, ya sauka daga acaɓa daga Roni. Manomin gero da gyaɗa ne, kuma bai taɓa ganin ƙasa ya wuce bai yanke mata hukunci ba. Ya shiga garka, ya ɗebo ƙasa ya murza, ya sansana, ya ce ba wurin shuka a gidan nan sai tsohon turken tumaki. Irin ma ya juya shi a tafin hannu ya ce da alama ya yi jinya. Inna ta ce tagarta. Kawu ya tuna mata cewa tun suna yara ko gyaɗa aka ba ta ta shuka cinyewa take yi a hanya. Ita kuma ta tono masa shekarar da ya yi gardama da kowa ya yi binne, tsuntsaye suka yi masa godiya. Ni ina tsugune a tsakaninsu, wannan ya yi magana in ce to, waccan ta yi in ce to.

Na dai yi ƙarfin hali na kawo maganar maƙwabciya, cewa wuri ɗaya ake so. Kawu ya ce madalla, ai shi ma wuri ɗaya ya ce, turke. Inna ta ce ita ma wuri ɗaya ta ce. Daga madafa matata ta yi gyaran murya.

A gidanmu ba a ce wa babba a'a. Ana ce masa to, sannan kuma dole ya ga alamar ton nan a ƙasa. Saboda haka na raba irin kamar gado: kaɗan a ƙarƙashin taga, kaɗan a turke, kaɗan a jikin katanga. Kawu ma ya zuba wasu a aljihu zai gwada a Roni. Ranar har wani alfahari na ji, ina ganin ko alƙali iyakar abin da zai yi ke nan.

Masara ta fito. Ta turke ta yi tsawo tana taƙama, ta katanga ta biyo baya, ta taga kuwa siririya, rawaya, kamar mai azumin nafila. Inna ta tare a gindinta da sanda, kazar da ta gifta ta sha zagi har kakanninta. Kawu kuma duk bayan kwana biyu sai ya bugo waya, ba gaisuwa sosai, tambayarsa dai ko tasa ta turke ta wuce katanga. Wata safiya maƙwabciya ta leƙo, ta dubi nan, ta dubi can, ta tambaye ni ko masarar tawa gaba suke yi da juna.

Maganar ta tsaya mini. Da ta turke ta yi fure, na ɗauki faifai na tsaya a bayanta ina fifita wajen taga, tunda iska ake bukata kuma iskar Allah ba ta san tsarin gidanmu ba. Kullum da safe kafin in tafi ofis nake yi, da babbar riga da hula. Matata ta ce a zamanmu duka ba ta taɓa samun fifita irin wadda karan masara ke samu ba. Abin haushi, ta taga ba ta fitar da gemu ba sai da furen ta turke ya bushe.

Ranar da muka ɓare goyon, asiri ya tonu. Ta taga totuwa ce zalla. Ta katanga ƙwaya nan, ƙwaya can. Ta turken Kawu ce mai dama-dama, ita ma giɓi ya fi ido yawa. Na ji kunya, na ji takaici, don na riga na sa wa tsohuwa rai. Matata ta zaɓi mafi kyau daga ta turke, ta dafa, ta miƙa mini a kwano in kai da kaina.

Inna ta ɗaga ta, ta juya, ta yi dariya har dasashinta ya bayyana. Ta ce yau ta ga sa'arta a giɓi. Sannan ta kai baki. Ƙwayar ta fashe ba gardama, ruwan ya gangaro mata a haɓa, ta lumshe ido. Haka ta bi totuwar nan a hankali tana neman ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsugune ina kallonta.

Da ta gama, ba ta juya wajen bango ba. Ni ta duba.

"Kai, wannan ta tagata ce ko?"

Can a madafa matata ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba abin da ya same shi. Na ce, "Ita ce, Inna."

"Ai na faɗa. Baɗi duka a can za ka zuba."

Na ce to. Ta miƙo mini kwanon ta ce in duba ko akwai saura.