Ranar da Hajiya Ta Sa Ni Juya Banɗaki

Shekarun baya, lokacin ina fama da digiri na uku a Kuala Lumpur, mahaifiyata ta zo mana. Matata ce cikinta ya tsufa, haihuwar fari, ga surukata ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, shi ne aka ce Hajiya ta zo ta tsaya a kan jego. Muna zaune a unguwar Pantai Dalam, can ƙololuwar wani dogon bene. Ba a daɗe ba Hajiya ta fara cewa a duba mata jirgi. Wai ita ba tsuntsuwa ba ce da za a rataye ta a sama, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za a leƙa a tambayi kwananta. Ta daina hira, ta rage cin abinci. Hankalina ya tashi ƙwarai, don in ta tafi daga ni sai matata, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa yi wa jariri wanka.

Na kai kukana wurin wani abokin karatuna ɗan ƙasar. Ya ce mahaifinsa yana da gida mai taya a ajiye a unguwar Sentul, in ja shi in kai tsohuwa bakin rafi a bayan gari, ta taka ƙasa ta sha iska. Da na je na gani sai da na riƙe baki. Ɗaki ne sosai, da gado da kicin da banɗaki. Goshinsa hawa yake kan bodin a-kori-kura, wani ƙarfe ya faɗa cikin faranti ya kulle, sak yadda ake haɗa kan tirela da bodinta. Ya tambaye ni ko na taɓa jan irinsa. Na ce masa ni fa a bakin titin Zariya na girma a Kano, tirela na gan ta har na gaji. Ya ce boleh lah, wato za ka iya da yarensu, ya miƙo makulli. Wallahi har yau ina mamakin yadda muka ɗauki wannan a matsayin amsa, ni da shi.

Gaba dai ba wuya. Ka buɗe kwana sosai, ka taka birki da wuri, ka yi ta addu'a kada 'yan babur su shige maka ƙarƙashi. Muka isa wurin shaƙatawa na bakin rafin lafiya, na cusa kai cikin filin da aka ba mu, tsakanin wata bishiyar kwakwa da tantin wani mutum da iyalinsa. Na fito ina hura hanci.

Hajiya ta shiga duba gida. Ta yaba gado, ta shafa labule, har na fara jin daɗi. Sai ta buɗe banɗaki, ta leƙa taga ta kalli rana, ta fito ta ce ba da ita ba, abin zaman gabas yake kallo. Na gyara murya irin ta masu ilimi, na yi mata bayani cewa a nan ƙasar alƙibla yamma take, mun wuce Makka, har na nuna mata a waya.

"To ai ka gyara," in ji ta. "Ni da na zaci fuska za a ba ta, ashe baya ne."

Ta kifa bokiti ta zauna. Ta ce ko ruwa ba za ta sha ba sai an juya gidan, in kuwa ba a iya ba, a mayar da ita bene ta haɗa kayanta.

A nan na gane ganin tirela daban, ribas da ita daban. Na murɗa sitiyari hagu, gida ya yi dama. Na murɗa dama, ya ɗan yi tunani, sannan ya nufi bishiya. Mai tanti ya taso yana juya hannu yana cewa boleh, boleh, matarsa tana juya nata ta ɗaya ɓangaren. Matata, da uban cikinta, ta tsaya tana dukan jikin gidan irin na tasha, zo, zo, zo. Ita kuwa Hajiya ba ruwanta da hagu ko dama, daga kan bokiti take ba da umarni in yi kudu. Mutumin da ke kallon duniya ta madubi, gumi ya cika masa ido, ina zai ga kudu? Na tumɓuke wa bayin Allah igiyar tanti, na ba da haƙuri, na sake tumɓuke wata. Can zuciya ta ɗebe ni, na murɗe sitiyarin har ƙarshe na taka. Mota da gida suka naɗe, goshin gidan ya daki gilashin bayan motar, ya tarwatse a kan kujeru.

Ina zaune riƙe da sitiyari, ina tunanin bakin da zan gaya wa abokina, sai na ji wani sauti a gefe. Hajiya ce ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba. Tun da ta sauka a ƙasar ban ji dariyarta ba sai ranar. Da ta lafa, ta ɗauki butarta ta miƙe salin-alin ta nufi banɗakunan da ke bayan ɗan masallacin wurin. Ashe tun shigowarmu ta gan su.

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta miƙe ƙafa. Matar mai tanti ta kawo mata gasasshen kifi, suka zauna suna ta hira, wannan da Hausa, waccan da yarensu, kowacce tana gyaɗa kai. Na raɓa na durƙusa, na ce mata maganar jirgin nan, ko in duba na wani satin.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta zare ƙaya daga kifi ta ce, "Wane jirgi? Mutumin da ya kasa juya banɗaki zan bar wa jariri?"

Washegari mahaifin abokina ya zo da kansa ya warware motar, na sa sabon gilashi, na sha tsiya a makaranta har na kammala. Hajiya kuwa sai da aka yi arba'in da kwanaki ta koma gida.

Na daɗe ina jin kunyar ranar nan, sai daga baya na fahimci wani abu. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce ta ji tausayina za ta zauna. Dalili take nema wanda ba zai karya mata kara ba, ni kuma na ba ta shi da hannuna. Yarinyar da ta yi wa wankan farko yanzu tana firamare. Har gobe in na tayar da mota a ƙofar gida, Hajiya kan kira ta ta ce ta matso kusa da ita, babanta zai yi ribas.