Gishirin Yaya

Yayata ba ta yarda da kowa a kan tukunyarta, balle ni da take kira mai hannun zuba. Mijinta mai aski ne. Shekara bakwai yana fama da abin da aka ce hawan jini ne: yana tsakiyar aski sai gumi ya keto masa, zuciya ta kama dukan uku-uku, ya ajiye reza ya dafe kai. Tun ranar farko Yaya ta kori gishiri daga gidan. Ko baƙo ya zo, lami zai ci.

Sai bana wata likita ta sa aka tara fitsarinsa na kwana guda, aka ɗauki hoton ciki. Ashe wani ɗan ƙari ne a saman ƙodarsa yake tayar da jinin. Ta ce za a cire, amma sai ya yi sati biyu yana shan ƙwaya da ruwa da yawa, yana cin gishiri sosai.

A hanyarmu ta komawa gida Yaya ta ja tsaki. "Gishiri ga mai hawan jini? Yarinyar nan ba ta gama karatu ba."

Ana gobe za a yi masa aikin aka gwada jininsa a kwance, aka ce ya miƙe. Yana miƙewa ya yi luuu, na tare shi. Likita ta dubi Yaya.

"Ana sa masa gishirin?"

"Ana sawa," mijin ya yi caraf ya amsa. Raina ya ɓaci, don na ci abincin gidan jiya, lami ne.

"To. In ana sawa, gobe mu shiga. In ba a sawa, muna cire ƙarin, jininsa zai faɗi, ba lallai mu iya tayar da shi ba."

Yaya tana murza bakin mayafinta.

"Ko ƙwaya ɗaya ban sa ba," ta ce. "Shekara bakwai da haka nake riƙe da mutumin nan."

Aka ɗaga aikin sati biyu.

Da muka koma gida ta ɗora tukunya, ta buɗe sabon ƙullin gishiri, ta tsaya a kai har miya ta fara ƙonewa. Sannan ta miƙo mini, hawaye na zuba.

"Ke zuba. Ni hannuna ya ƙi."