Yaron da na tsara da yarinyar da ta zo

A layinmu na Agege, matar da ba ta haihu ba sunanta iyawo, wato amarya, ko da furfura ta fara leƙo mata. Haka maƙwabtana Yarabawa suka yi ta kirana shekara da shekaru. In amsa da murmushin yaƙe, in shige ɗaki in sha kukana.

Amma fa ina da ɗa, a cikin kaina. Na tsara shi tsaf: namiji, fari irin dangin babana, ga wushirya, ga haƙuri. Har huluna na saƙa masa.

Wata Asabar a islamiyyar matan aure, malamarmu tana karantar da mu sifofin Ubangiji, ta fara da samuwa. Ta ce malamai sun yi saɓani, wasu sun ce sifa ce, wasu sun ce ita ce zatin kansa. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Malama, sifa ce mana, kamar tsawo. Ɗana ma komai nasa ya cika, samuwar kaɗai ta rage masa."

Aji ya kwashe da dariya, ban da malama. Ta ce, "Bar batun Ubangiji tukun, ƙanwata. Shi ɗan naki, wa za a ƙara wa samuwar, tunda babu shi?" Maganar ta soke ni, har cikin danfo, motar hayar da na hau zuwa gida, ina mita.

Sai bayan na fid da rai Allah ya nufa, na haihu a wani ƙaramin asibiti a Abule Egba. Mace ce, baƙa wuluk, 'yar firit, kukanta kuwa kamar an taka jiniya. Ko abu ɗaya ba ta ɗauko daga tsarina ba, hulunan ma har ido suke rufe mata. Da aka ɗora min ita a ƙirji na ji nauyinta da ɗuminta, sai na tuna malama. Haske da wushiryar yarona ba a jikin kowa suke ba. Baƙin wannan da kukanta kuwa sun sami mai su, ga ta a hannuna. Farin ciki ya cika ni.

Ranar suna, maƙwabciyata mai sayar da barkono ta leƙo ta ce, "Iyawo," sai ta kama bakinta, ta kira ni Maman wance, da sunan 'yata. Na ji ta sarai, amma na yi kunnen uwar shegu. Sai da ta maimaita da ƙarfi, duk layin suka ji, sannan na amsa.